Ɗana ya wuce shekara 2, ba ya magana, ba ya waiwayowa in an kira shi. Galahanga (autism) ce?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana na wannan zaure. Don Allah shawara nake nema. Yarona yana da shekara 2 da wata 2, yanzu babu kalma ko ɗaya a bakinsa. Da yana ɗan shekara ɗaya da 'yan watanni yana cewa "mama" da "zo", yana ɗaga wa mutum hannu in zai fita, sai duk suka ɗauke. Yanzu in na kira sunansa ko ɗago kai ba ya yi, amma a kunna katun a ɗaya ɗakin, da gudu zai taho. In yana son ruwa hannuna yake kamawa ya ja ni, ya ɗora shi a kan kofi, ba tare da ya kalli fuskata ba. Motar wasansa kuma kifar da ita yake yi, ya zauna yana juya tayar da ɗan yatsa, ya daɗe a haka. Wata ta ce min alamun galahanga ne, tun ranar ban ƙara barcin kirki ba. Wanda ya san wani abu ya taimaka min.

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam. 'Yata, kwantar da hankalinki. 'Ya'ya maza nauyin baki gare su. Na raini 'ya'ya na raini jikoki, akwai wanda sai da ya kai shekara 3 kafin ya buɗe baki, yau duk gidan ba wanda ya kai shi surutu. Kowane yaro da lokacinsa. Ki daina sauraron masu tayar miki da hankali.

Malama Nusaiba:
Hajiya ranki ya daɗe, gaskiya ne akwai yara masu nauyin baki, kuma da yawansu suna kamo sa'o'insu. Amma ki yi min afuwa, abin da Maman Hanif ta lissafa ya wuce nauyin baki. Ni malamar ƙananan yara ce, yaro mai nauyin baki kawai ba ya ɓoyuwa: bakinsa ne bai buɗe ba, amma sauran jikinsa duk magana yake yi. Zai nuna miki jirgin sama da ɗan yatsa, sannan ya juyo ya kalle ki ya ga ko ke ma kin gani. Zai ɗauko sabon takalminsa ya kawo miki ki yaba. In ya faɗi ƙasa, idonki yake fara nema kafin ya yanke shawarar yin kuka. Maman Hanif, Hanif yana nuna miki abu don kawai ya burge shi, ba don yana so ki ba shi ba?

Maman Hanif:
Malama, gaskiya ban taɓa ganin ya nuna abu da yatsa ba. Ni ma in na nuna masa abu, yatsan nawa yake kallo ko ya wuce abinsa.

Dakta Umma:
Maman Hanif, sannu, Allah ya sanyaya miki. Ni likitar yara ce. Ba zan ce miki galahanga ce ko ba ita ba ce daga rubutu, babu likitan kirki da zai yi haka bai ga yaro ba. Abin da zan ce miki kai tsaye shi ne kada ki jira. Ki kai shi a duba shi a wannan makon ko na gaba.

Dalilina: akwai alamomin da in mun gan su ba ma cewa a ba yaro lokaci. Yaron da ya kai wata 12 ba ya gwaranci, ba ya amsa sunansa, ba ya ɗaga hannu ko nuna abu. Yaron da ya kai wata 16 babu kalma ɗaya. Yaron da ya kai wata 24 bai haɗa kalma biyu da kansa ba, kamar "ba ni" ko "mama zo". Wadda ta fi duka nauyi kuma, yaro ya iya abu sannan ya ɓace masa, a kowane shekaru ne. Wannan ta ƙarshen kin ambace ta. Kusan kashi 30 cikin 100 na yara masu wannan larura haka abin yake fara bayyana a kansu, galibi tsakanin wata 15 zuwa 24.

Abu na farko da za a yi masa gwajin ji ne. Na san kin ce yana jin katun daga wani ɗaki, amma yaro yana iya jin wasu sautuka ya kasa jin wasu, kuma ruwa da ke taruwa a bayan dodon kunne yana toshe ji ya jinkirta magana. Sai an kawar da wannan tukuna.

Abu Khalil:
Dakta, ki bari in faɗi abin da mutane da yawa suke faɗa a ɓoye. Lokacin nan da kika ambata, ai daidai lokacin da ake yi wa yara allurar ƙyanda ne. Yaro lafiyarsa lau, a yi masa allura, bayan 'yan watanni magana ta ɗauke. Na ga bidiyoyi da dama na iyaye a Amurka suna faɗin haka suna kuka. Duk ƙarya suke yi?

Dakta Umma:
Malam Abu Khalil, ba ƙarya suke yi ba. Abin da suka gani da idonsu suka faɗa, allura ta zo, bayanta magana ta ɗauke. Sai dai lokacin da ake allurar shi ne kuma lokacin da alamomin suke fitowa, har a yaran da ba a taɓa yi musu ita ba.

Zancen nan yana da asali. A 1998 wani likita a Ingila mai suna Andrew Wakefield ya wallafa rahoto a mujallar Lancet a kan yara 12 kacal, ya danganta larurar da allurar MMR, wadda ta haɗa rigakafin ƙyanda da hangum da rubela. Daga baya aka gano an yi coge a bayanan yaran, kuma lauyoyin da ke shirin ƙarar kamfanonin allurar suna biyansa kuɗi. A 2010 mujallar ta janye rahoton, hukumar likitocin ƙasar ta soke lasisinsa. A 2019 aka fitar da bincike daga Denmark a kan yara sama da 650,000, aka kwatanta waɗanda aka yi wa allurar da waɗanda ba a yi wa ba. Ba a samu ƙarin galahanga a waɗanda aka yi wa ba, har a cikin yaran da suke da yaya ko ƙane mai larurar. Ƙyanda kuwa tana kashe yara, tana makantar da su. Ina roƙonka kada ka hana naka.

Abu Khalil:
To na ji wannan. Amma in ba allura ba ce, me ya sa abin ke ta ƙaruwa? Muna yara ko sunanta ba mu taɓa ji ba.

Dakta Umma:
Alƙaluman sun ƙaru, ba musu. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙirga yaro 1 cikin 150 a shekarar 2000, ya koma 1 cikin 36 a 2020, sannan 1 cikin 31 a 2022. Babban abin da ya kawo haka shi ne ma'aunin ya faɗaɗa, kuma masu dubawa sun yawaita. Lokacin da likita Leo Kanner ya fara bayyana larurar a 1943 a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, yara 11 ya rubuta a kansu, kuma shekaru da yawa masu tsananin hali kawai ake ƙirgawa. A 1994 aka shigar da masu magana sosai da kaifin ƙwaƙwalwa ƙarƙashin sunan Asperger, a 2013 kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, DSM-5, ya haɗe su duka a suna ɗaya mai matakai uku gwargwadon taimakon da mutum yake bukata. Yaran da a da ake cewa bebaye ne ko masu raunin hankali, da yawansu yau a nan suke faɗowa. Suna nan tun muna yara, Malam, wani suna dabam ake kiransu da shi.

Maman Hanif:
Dakta, ni wani abu ne yake cin raina. Tun yana ɗan wata 8 nake ba shi waya in ina aiki don ya yi shiru. Babansa ya ce ni na jawo. Kuma da ina da cikinsa na sha parasitamol sau da yawa saboda zazzaɓi. Ni ce na yi masa haka?

Maman 'Yan Biyu:
'Yar uwa, ki tsaya in ba ki nawa labarin kafin Dakta ta amsa. 'Yan biyu gare ni, mace da namiji. Ciki ɗaya, rana ɗaya, nono ɗaya, waya ɗaya suka kalla suna kwance kafaɗa da kafaɗa. Macen tana da shekara 2 tana ba ni labari, namijin yana jera murafen kwalba a layi, in kika gusar da ɗaya sai ihu da birgima. Shi yana da larurar, ita ba ta da ita. In da rainona ne ya jawo, ai da dukansu ya kama. Ki cire wannan dutsen daga ƙirjinki, kina bukatar ƙarfinki don abin da ke gaba.

Dakta Umma:
Maman 'Yan Biyu ta rage min aiki. Galahanga bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa take ginuwa, kuma ginin yana farawa tun yaro yana ciki. Kaso mafi girma na dalilin gado ne. Wani bincike na 2019 da ya haɗa mutane sama da miliyan 2 a ƙasashe biyar ya kiyasta gadon a kusan kashi 80 cikin 100. Ba ƙwayar halitta ɗaya ba ce, suna da yawa ƙwarai, wasu daga uwa, wasu daga uba, wasu kuma sabon canji ne da ya faru a yaron shi kaɗai. Shi ya sa 'yan biyu masu kama ɗaya, in ɗaya yana da ita, mafi yawan lokuta ɗayan ma yana da ita, amma irin naki, Maman 'Yan Biyu, ba haka ba ne.

Akwai abubuwan da suke ƙara yiwuwar: haihuwar bakwaini, yaro ya zo da ƙarancin nauyi sosai, ya rasa iska lokacin haihuwa, yawan shekarun uba ko uwa, ciwon suga lokacin goyon ciki, kamuwa da rubela da ciki, da maganin farfaɗiya mai suna valproate. Mai shan wannan maganin kada ta daina da kanta, ta je ga likitanta tun kafin ta ɗauki ciki. Waɗannan duka ƙara yiwuwa suke yi, mafi yawan bakwaini suna tashi ba su da larurar.

Parasitamol kuma, an yi ta cece-kuce a kansa. Bincike daga Sweden a 2024 a kan yara kusan miliyan 2.5 ya kwatanta 'yan uwa uwa ɗaya uba ɗaya, wanda aka sha maganin da cikinsa da wanda ba a sha ba, bai ga bambanci ba. Zazzaɓi mai zafi da aka bari ba magani shi ma haɗari ne ga mai ciki. Waya tana iya jinkirta magana don tana cinye lokacin da ya kamata a yi wa yaro hira, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a nisanta ta da yaron da bai kai shekara 2 ba. Ki rage ta, amma ba a tabbatar tana haifar da galahanga ba.

Ɗora wa uwa laifi tsohon zalunci ne. A shekarun 1950 da 1960 manyan masana a Amurka sun yi ta cewa rashin ƙaunar uwa ne yake jawo ta, iyaye mata suka sha baƙin ciki a banza kafin bincike ya rushe zancen. Ki nuna wa Baban Hanif wannan rubutun, kuma ku je asibitin tare.

Hajiya Babba:
Dakta na ji bayaninki, Allah ya saka. Amma ni tsorona ɗaya ne. A kai yaro ɗan shekara 2 a liƙa masa suna, ya bi shi har girma. Makaranta ta ƙi shi, dangi su riƙa kallonsa da abin. In kuma ashe nauyin baki ne kawai fa? An ɓata masa suna a banza.

Baban Yusra:
Hajiya, ni ma da ra'ayinki nake, shi ya sa zan yi magana. 'Yata ba ta yi nauyin baki ba, da wuri ta fara. Sai dai maganar tata maimaici ce. In na ce "kina son ruwa?" sai ta ce "kina son ruwa?" Tana iya karanto zancen katun tun daga farko har ƙarshe da irin muryarsu, amma ba za ta iya ce min cikina yana ciwo ba. Ƙarar injin niƙa ko na aski sai ta toshe kunne ta shige ƙarƙashin tebur. Riga in tana da ɗan ƙyallen nan na wuya ba ta sa ta. A canza hanyar da muka saba bi zuwa makaranta, ranar an shiga uku. Ba a gano ba sai da ta kai shekara 5.

Kafin nan, Hajiya, ai tana da sunaye: mai taurin kai, marar tarbiyya, 'yar gata. An tsawata mata, an dake ta a kan abin da ba ta da iko a kai. Ranar da aka faɗa mana ainihin abin da ke damunta, ranar aka daina dukanta. Sunan da likita ya ba ta ya fi mata waɗancan sauƙi.

Malama Nusaiba:
Wallahi wannan na gani a aji. Kuma 'yan mata sun fi suɓucewa. Ana gano maza kusan ninki huɗu na mata, amma yarinya takan zauna shiru a gefe tana kwaikwayon abin da sauran suke yi, a ce kunya gare ta, a wuce ta.

Hajiya Babba:
Allah sarki Yusra. To ban ce kada a je ba. Amma a samu masu sani, kada a je inda za a kalli yaro minti biyar a yanke masa hukunci.

Dakta Umma:
A nan ina tare da ke ɗari bisa ɗari, Hajiya. Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da yake nuna galahanga. Da kallon halayyar yaro da tarihin girmansa ake gane ta, kuma wannan yana cin lokaci. Matakin farko tantancewa ce. Akwai takarda mai tambayoyi 20 da ake kira M-CHAT-R, ta yara 'yan wata 16 zuwa 30, uwa ce take amsawa da e ko a'a. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a yi wa kowane yaro irin wannan tantancewar a wata 18 da wata 24. Takardar ba ta yanke hukunci, tana nuna wanda ya kamata a duba da kyau ne. Da yawa daga waɗanda ta nuna, daga baya a ga jinkirin magana ne ko wata matsalar girma dabam, su ma kuma suna amfana da taimakon.

Mataki na biyu sai ƙwararre, likitan yara mai kula da girma, ko likitan ƙwaƙwalwa na yara, ko masanin halayyar yara, sau da yawa tare da mai koyar da magana. Abu biyu suke nema tare. Ɗaya, matsala wajen mu'amala: haɗa ido, nuni, musayar wasa, sha'awar sauran yara. Biyu, maimaita abu da nacewa a kan tsari ɗaya: kaɗa hannuwa, juyi, jera kaya, ko ƙara da taɓawa da haske su dame shi fiye da kima, ko kuma ya ji ciwo ko a jikinsa. In ɗaya ce kawai babu ɗayar, ba a kiranta galahanga. A hannun mai gogewa, hukuncin da aka yanke a shekara 2 yawanci yana tabbata.

Baban Yusra:
Maman Hanif, kada ki ji tsoron ɗakin, wasa ne kawai. Matar da ta duba Yusra a ƙasa ta zauna da ita. Ta hura kumfar sabulu, sai ta tsaya cak da abin hurawar a bakinta tana jira ta ga ko yarinyar za ta kalle ta ta nemi ƙari. Ta kira sunanta daga baya. Ta miƙa mata 'yar tsana da ƙaramin bargo ta ga ko za ta kwantar da ita. Yusra ta ɗauki bargon tana shafa gefensa a leɓenta, 'yar tsanar ko kallo. Ni ina gefe hawaye na zuba, don ranar na fara ganin abin da na daɗe ina kallo ban gane ba. Shawarata, ki ɗauki gajerun bidiyo a gida: kina kiran sunansa, yana wasa shi kaɗai, yana jan hannunki. Yaro a baƙon wuri yakan canza, bidiyon zai taimaki likitan. Ki rubuta watan da ya fara kalmomin nan da watan da suka ɗauke, za a tambaye ki.

Abu Khalil:
In an tabbatar fa, akwai magani? Na ga masu tallan wani haɗi da suke cewa yana wanke gubar daga jikin yaro ya warke cikin wata uku.

Maman 'Yan Biyu:
Malam, ka guje su kamar wuta. Duk wanda ya ce maka zai warkar da ita cikin wata kaza, kuɗinka yake so. Babu ƙwayar da take cire ta. Abin da ya taimaki ɗana koyarwa ce, kullum, kaɗan-kaɗan. An koya min in daina tsaya masa a ka ina cewa "ce mama". In zauna a gabansa, fuskata daidai tasa, in shiga wasan da yake yi. Yana jera murafe, ni ma in jera. In riƙe na ƙarshen kusa da idona in jira. Ranar da ya ɗago ya kalle ni don ya karɓa, ban san lokacin da na fashe da kuka ba. Yanzu yana da shekara 6, yana faɗin bukatunsa da gajerun jimloli, yana zuwa makaranta. Har yanzu taro yana wahalar da shi.

Dakta Umma:
Wankin gubar nan ya taɓa kisa. A 2005 wani yaro ɗan shekara 5 mai galahanga ya rasu a Amurka ana tsakiyar yi masa shi. Abin da Maman 'Yan Biyu ta kwatanta shi ne hanyar da bincike ya goyi baya, har Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shiri na horar da iyaye a kan irinsa. Kuma ba sai an jira takardar hukunci kafin a fara koyar da magana ba. Yaran sun bambanta ƙwarai: wasu za su yi karatu mai zurfi su yi aiki, wasu za su bukaci mai kula da su tsawon rayuwa, kuma a shekara 2 ba mai iya faɗa miki inda yaro zai kai. Magani ana ba da shi ne ga abin da yakan biyo larurar, kamar farfaɗiya, rashin barci, ko taurin bayan gida.

Ummu Safwan:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Babban ɗana yana da ita, yanzu ina goyon ƙaninsa ɗan wata 7. Dakta, shi ma zai iya samu? Me zan riƙa dubawa?

Dakta Umma:
Ummu Safwan, yiwuwar ta fi ta sauran yara. Binciken da ya bi ƙannen yara masu larurar tun suna jarirai ya samu kusan 1 cikin 5, kuma ta fi yawa in ƙanen namiji ne. Wato 4 cikin 5 ba su samu ba. A watanninsa na yanzu ki duba ko yana mayar miki da murmushi, yana bin fuskarki da ido, yana amsa miki da sauti in kin yi masa wasa. Zuwa wata 9 ya riƙa juyowa in an kira sunansa, zuwa wata 12 ya riƙa gwaranci da ɗaga hannu, bayan nan kaɗan ya fara nuni da yatsa. Ki sanar da likitansa tun yanzu cewa yayansa yana da ita, a yi masa tantancewar wata 18 da ta wata 24 ko da kin ga komai lafiya, kuma in wani abu da ya iya ya ɓace, kada ki jira ranar awo.